Na Je Na Ga Inda Kwal Ɗin Kakana Ya Fito

Kakana na wajen uba fayaman ne a reluwe. Wanda bai riski jirgin kwal ba ba lallai ya san wannan aiki ba: shi ne mai tsayawa kusa da direba da shebur a hannu, yana ɗibar kwal yana watsa wa wutar tukunyar jirgi, daga Zariya zuwa Kafanchan, wani zubin har Makurɗi. Na taso na tarar da shi da tabon ƙuna a damatsansa biyu, da wani tari da ke tashinsa kafin kiran assalatu. In hira ta yi daɗi yakan ambaci "kwal ɗin Enugu" kamar yana maganar wani tsohon abokin aiki, ya ce saurin kama wuta gare shi, amma ga yawan toka, kuma in ya sha rana sai ya dinga marmashewa. Shekaru ya yi yana ƙona kwal ɗin nan, har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa ganin ramin da ake fito da shi ba. Wannan ne ya kai ni Enugu a watan Nuwamban da ya wuce.

Ina da ɗan ƙanen mahaifina da ya daɗe a can yana sayar da albasa da busasshen barkono. Da na gaya masa niyyata, abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: kada in shigo ranar Litinin, kada kuma in fita ranar Litinin. Tun 2021 aka fara zaman gida na dole a wannan rana a sassan ƙasar Ibo, kuma ko da yake abin ya yi sauƙi a cikin birnin, ya ce hanya ba ta da tabbas. Mahaifiyata ba ta so tafiyar ba ko kaɗan. Ba ta hana ni ba, sai dai ta ce, "To, Allah Ya tsare, ka dinga kira," ta sa mini kilishi da garin kunu a jaka kamar mai tafiya aikin hajji.

Ranar Laraba bayan sallar asuba muka tashi daga Sabon Garin Kano a bas mai cin mutum 14, kuɗin mota naira 32,000. Mu uku ne Hausawa a ciki. Sauran duk 'yan kasuwa ne Ibo masu komawa ganin gida, kuma yawancinsu sun fi ni iya cinikin Kantin Kwari da Hausa. Zariya, Pambeguwa, Saminaka, muka gangara ta Kagoro da Gidan Waya zuwa Akwanga, babu abin faɗa sai ramuka da ƙura. A Lafiya direba ya tsaya cin abinci, muka samu muka haɗa azahar da la'asar a wani ɗan masallaci na gefen tasha.

Makurɗi ce wuri na farko da na gyara zama na leƙa taga da gaske. Muna kan sabuwar gada sai ga tsohuwar can gefe, ta ƙarfe, wadda aka buɗe a 1932 domin jirgi ya daina tsayawa a bakin Binuwai ana ƙetarar da kaya ta ruwa. Ta kan wannan gadar kwal ya riƙa hawowa Arewa. Rana ta yi sanyi, kogin ya cika ya batse, masu kwalekwale ƙanana kamar ƙudaje a tsakiyarsa. Na ce wa na kusa da ni kakana ya sha ƙetare wannan gadar. Ya ce nasa kakan ma ta nan ya bi ya tafi Jos neman kuɗi.

Daga Otukpo wahalar tafiyar ta fara. Duhu ya shiga, shingaye kuma suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har na daina ƙirgawa. Wani na sojoji, wani na 'yan sanda, wani ba ka iya cewa na waye, sai dai tocila da gungumen icce a tsakiyar titi. Direba ya riga ya jera 'yan canjinsa a gaban mota, yana miƙawa ba tare da ya ko juya kai ba. A wani shinge kafin Obollo Afor aka haska fuskokinmu, aka tsallake kowa, aka ce mu uku masu hula mu sauko. Aka zazzage jakata a ƙasa, aka karɓi katin ɗan ƙasa ana juya shi gaba da baya. "Aboki, me za ka je yi Enugu?" Na ce zan je ganin tsohon ramin kwal. Ya dube ni kamar na faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba, ya sake tambaya, na sake ba shi amsa ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don binciken ba, don yadda aka ware mu. Abin da ya raba gardamar wata mata ce mai shagon atamfa a Kano, wadda tun safe ba mu yi magana da ita ba. Ta sauko daga motar ta tsaya a gefena, ta yi wa mutumin magana da Ibo da ƙarfi tana nuna ni, ta juyo ta ce mini da Hausa, "Malam, kwashe kayanka mu tafi, na ce masa tare muke." Ta durƙusa ta taya ni tattara kilishin mahaifiyata da ya zube.

Wajen ƙarfe goma na dare muka isa mahaɗar da ake kira Nayin Mayil, wato mil tara daga Enugu, wadda ke cikin ƙasar Ngwo. A nan hanyar Arewa ke haɗuwa da ta Anacha, don haka wurin ba ya barci: tireloli, masu shayi, masu tsire, Hausa ta ko'ina kamar kana Mararrabar Jos. Ɗan uwana yana jirana. Ya kama mini ɗaki a wani ƙaramin masauki, naira 12,000 kwana ɗaya, fanka da bokitin ruwa, janareta zuwa sha biyun dare. Ya wadatar.

Da safe na fara da okpa, domin an ce wanda ya zo Nayin Mayil bai ci ta ba bai zo ba. Garin gurjiya ne ake kwaɓawa da manja da barkono da gishiri, a ƙulle a ganyen ayaba a dafa. Ta yi kama da alale amma ta fi shi ƙarfi da riƙe ciki, kuma babu nama a ciki balle mutum ya tsaya tambayar wa ya yanka. Biyu na ci da shayi, naira 600, ban sake neman abinci ba sai la'asar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jin cewa gurjiyar da yawa daga wajenmu ake loda ta a kawo. Mu muna dafa ta mu ci a tsaye a bakin kasuwa, su sun mayar da ita abincin da gari ke alfahari da shi.

Garin Ngwo a kan tudu yake, kuma daga sunan wani ƙauyensa, Enugwu Ngwo, birnin ya samo suna. Ma'anarsa saman tsauni. Birnin da kansa a gindin tsaunin yake, kuma kafin kwal babu shi. A 1909 wani Bature masanin ma'adinai, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. Daga nan komai ya biyo baya da sauri: aka kafa Fatakwal a bakin teku domin a samu inda za a fitar da shi, aka fara haƙa a 1915, layin dogo ya haɗa wuraren biyu a 1916, aka buɗe ramin Kwarin Iva a 1917. Ina yaro na ɗauka "kwal" ɗin da ke ƙarshen sunan Fatakwal shi ne wannan kwal ɗin. Ashe sunan wani ministan Ingila ne, Harcourt, bakinmu ya lanƙwasa shi, amma dacen ya yi kyau.

Mun ɗauki shatar Keke Napep naira 6,000 yini guda, muka gangara ta tsohuwar hanyar Tsaunin Milliken, wadda aka sa wa sunan injiniyan da ya yi aikinta. Ban taɓa bin hanya irinta ba. Kwana ce a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma rami mai zurfi cike da itatuwa, kore shar, alhali na baro Kano ciyawa ta riga ta bushe, hazo ya fara sauka. A wata kwana mai keken ya tsaya ya ce mu sauko mu duba. Ga Enugu can ƙasa a shimfiɗe, jajayen rufin kwano har iyakar gani. Ya buga ƙafarsa a kwalta ya ce ƙarƙashin inda muke tsaye duk rami ne, tsaunin nan an cinye cikinsa.

Kwarin Iva ba wurin yawon buɗe ido ba ne, kada wani ya je da wannan tunani. Ƙauye ne na ma'aikata da aikin ya mutu ya bar su. Dogayen gidaje ne jere, ɗaki ɗaki, irin barikin da aka gina wa lebura, rufinsu ya yi tsatsa, an yi musu ƙari da katako da langalanga. Mata na shanya rogo, yara na wasa da taya, ga coci, ga masu sayar da manja a kwalba. Babu allo, babu ofishi, babu mai karɓar kuɗin shiga. Ɗan uwana ya yi magana da wata mai shago da ke sayen barkono a wurinsa, ita ta aika yaro ya kira mana wani dattijo.

Ya fito da sanda, gajere, kansa fari fat, ya kusa tamanin. Na gaishe shi da guntun Ibon da aka koya mini. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Daga ina?" Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen Jos na da. Yana saurayi an kai shi Bukuru koyon aikin kanikanci wurin kawunsa, ya yi shekara shida a can. Na ce, "Baba, kakana fayaman ne, kwal ɗinku ya ƙona." Sai ya kama hannuna da hannayensa biyu ya riƙe, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Tafin hannunsa kamar busasshiyar fata.

Tafiyar kusan rabin awa muka yi a ƙafa, ta gonakin rogo, muka tsallake wani rafi. Ruwan rafin ne ya fara tsayar da ni: duwatsun cikinsa duk sun rine sun koma ruwan goro, kamar an zubar da tsatsa. Baba ya ce daga cikin ramin yake fitowa, ba a sha, ko wanki aka yi da shi sai ya ɓata tufa. Sannan muka iso. Wata ƙofa ce ta siminti a jikin tsauni, ciyawa da saiwoyi sun rufe rabinta, ƙasa ta zubo ta toshe wani sashe. A gabanta akwai guntun siririn dogo da ya nutse a laka, da wani akwatin ƙarfe mai ƙafafu a kife, tsatsa ta huda shi. Na matsa kusa sai na ji iska mai sanyi tana fitowa daga ciki tana bugun fuskata, da wari irin na jiƙaƙƙen ƙarfe. Na kunna fitilar waya, hasken bai wuce taku biyar ba duhu ya haɗiye shi.

"Kada ka shiga," in ji Baba. "Itacen da ya tokare rufin ya ruɓe tuntuni."

Ni a zatona ramin kwal kamar rijiya ake haƙa shi, a zurara ƙasa. A nan ba haka ba ne, ta gefen tsauni ake shiga a miƙe, kamar ramin gafiya, ana bin jijiyar kwal ɗin duk inda ta nufa. Baba ya tsuguna ya nuna mini yadda ake aikin, domin shi ma bayan yaƙin basasa ya shiga ramin, ya yi shekara fiye da ashirin. A wurare da yawa rufin bai kai tsayin mutum ba, don haka a sunkuye ake yini, wani wurin a durƙushe cikin ruwa. Akwai masu sara da diga, akwai masu lodawa su tura akwatin a kan dogo, akwai masu kafa itacen tokare. Ya ce masu sara su ne manya, su ake ji da su, domin da yawan akwatin da suka cika ake lissafi. Ya ce abin da sabon shiga ke fara koya ba sara ba ne, sauraro ne: in itace ya fara ƙara, ka yar da digarka ka gudu. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini gwiwoyinsa, baƙaƙe, da ɗigo ɗigo na ƙurar kwal da ta shige ƙarƙashin fata ta zauna. Yana magana yana tari. Na san wannan tarin, da shi na taso a gidanmu.

Daga nan ya kai mu wani fili da ciyawa ta cinye, ya cire hularsa. Nan ne wurin da aka yi abin ranar Juma'a, 18 ga Nuwamba, 1949. Ma'aikata na bin hukumar ramin bashin wasu haƙƙoƙinsu, suka shiga yajin aiki irin na jan ƙafa, wato a zo aiki amma a yi shi sannu sannu. Aka kori masu sara da dama, su kuma suka ƙi fita daga wurin aikin don kada a kulle a kawo wasu. Gwamnatin mulkin mallaka ta tsorata kada nakiyoyin fasa dutse da ke rumbun ramin su faɗa hannun matasa masu neman 'yanci, ta turo 'yan sanda ɗauke da bindigogi su kwashe su. Ma'aikata suka taru suna waƙa. Babban jami'in 'yan sandan, Bature mai suna Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, ba wanda ke riƙe da bindiga a cikinsu. Labarin ya tayar da tarzoma a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba, ya haɗa kan 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, shekara ta zagayo a 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya.

Baba yana goye a lokacin. Mahaifinsa na cikin taron, ya tsira da faɗawa cikin rafi. Ya ce har tsohon ya mutu, duk ranar da shekara ta zagayo ba ya cin abinci sai rana ta faɗi. Na tsaya a filin nan ina tunanin an koya mini sunayen gwamnonin Turawa ɗaya bayan ɗaya a makaranta, amma ba a taɓa ambata mini Kwarin Iva ba. Alhali jirgin da ya kwashe dalar gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos da wutar wannan rami ya yi tafiya. Mu ma muna da namu a wannan tarihi: dattawanmu na ba da labarin ɗiban gwamna na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kwashi talakawa daga ƙauyuka aka kai su haƙar kuza a sanyin Jos, da yawa ba su dawo ba. A ganina labari ɗaya ne, kuma abin takaici ne a ce jikokin waɗannan ba su san na waɗancan ba.

Muka koma gidansa, ɗaki biyu a ɗaya daga cikin dogayen gidajen. Matarsa ta kawo goro a faranti. A wurinsu goro ba a cinsa haka kawai, sai mai gida ya ɗaga shi ya yi addu'a da harshensu, sannan a fasa a raba. Ya ce, "Ku kuke cinsa da yawa, mu muke girmama shi." Aka kawo mini abacha, wato rogo da aka yanka siri siri aka cakuɗa da manja da ganye da kifi. Tun kafin in tambaya ta ce babu nama a ciki, ta san mu. A bango akwai hular kwano ta aiki da fitilarta, an rataye kusa da hoton aurensu.

A nan na tambaye shi abin da ya dawo da shi daga Bukuru. Na san amsar, amma na ga bai kamata in ci abincinsa in yi kamar ban sani ba. Ya ce 1966, shekarar da aka yi ta kashe Ibo a Arewa. Wani maƙwabcinsu Bahaushe mai sayar da itace ne ya ɓoye shi kwana uku a ɗakin matarsa, ya raka shi tasha da dare sanye da babbar riga. Kawunsa bai tsira ba. Ya ce jirgin da ya kwaso su ya cika har kan rufi, kuma yana tuna hayaƙin kwal na shigowa ta taga, yana cewa a ransa wannan warin gida ne. Ya faɗi wannan ba da ɗaci ba, ba kuma don ya faranta mini ba. Kakana na aiki a wannan layin a wannan shekarar, kuma duk yawan hirarsa bai taɓa ba mu labarinta ba. Na kasa cewa komai sai "Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu." Ya ce amin.

Game da mutuwar aikin kuwa, ya ce ba rana ɗaya ta faru ba. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake fitarwa ya kai wajen tan 900,000 a shekara. Sai aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, reluwe ta fara komawa injin dizal, madatsar Kainji ta zo da wutar ruwa, manyan masu saye suka janye. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka. An yi ta ƙoƙarin tayar da shi, yana tafiya da ɗingishi, har ya tsaya cik a farkon shekarun 2000. 'Ya'yansa biyar, babu ko ɗaya a ƙauyen. Na tuna Kakuri a Kaduna bayan rufe masaƙu, yadda za ka ga dattijo da ya yi shekara talatin a kan inji yana gadin shago. Na kuma tuna cewa yau ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gombe. Da zan iya, da na ɗauko mutanen can na kawo su su ga rafin nan mai ruwan goro tun yanzu, su san abin da za su nema a rubuta musu kafin a gama a tafi.

Da za mu rabu na ba shi abin da ya sawwaƙa da sauran kilishin. Ya shiga ɗaki ya fito da wani dunƙulen kwal kamar ƙwan agwagwa, a naɗe a tsohuwar jarida. "Ka kai gida," ya ce.

Ranar Juma'a na shiga birni. A shataletalen Sabuwar Kasuwa akwai gumakan tunawa da ma'aikatan da aka kashe, motoci na zagaya su ba mai ɗaga kai. Na leƙa unguwar da har yau ake kira Kol Kam, sansanin leburorin farko, wadda yanzu ta koma ta masu kayan gyaran mota da maƙera, ƙarar guduma ba ka jin maganar na kusa da kai. Na yi sallah a babban masallacin da ke titin Owerri, cike maƙil, 'yan canji da mahauta da masu shanu da Yarbawa da Ibo Musulmi. Bayan an idar wani dattijo a cikin jama'armu ya tambaye ni ko na san Umaru Altine. Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kawo shi, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, mutanen Enugu suka zaɓe shi magajin garinsu na farko a shekarun 1950. Na taɓa jin sunan sama sama, amma jin sa a cikin garin, kwana ɗaya bayan labarin Baba da kwana biyu bayan shingen Obollo Afor, ya sa na daɗe zaune a kan tabarmar masallacin. Gidan tarihin da ke titin Abakaliki na leƙa shi a gurguje, yana da kyau, amma abin da na zo nema na riga na gan shi a ƙauye.

Asabar ɗan uwana ya ce ba zan tafi da baƙin ciki kaɗai ba, ya kai ni dajin Ngwo. Itatuwa ne dogaye masu ganye kamar allura, an dasa su sahu sahu, ƙasa ta rufe da busasshen ganyensu har ba ka jin takunka. Wasu samari na wurin suka karɓi naira 2,000 suka yi mana jagora. Gangaren yana da tsanani, sai da na cire takalmi ina kama saiwoyi. A ƙasa muka bi wani ɗan rafi tsakanin bangayen dutse biyu da suka kusa haɗewa, muna tafe cikin ruwa zuwa ƙauri, har muka shiga kogo. Daga wata kafa a rufinsa ruwa ke zubowa, hasken rana na biyo shi, yana faɗawa wani ɗan tafki marar zurfi. Ƙarar ta cika wurin. Na yi alwala da ruwan, sanyinsa har cikin haƙori, garau kamar hawaye. Tsauni ɗaya ne da wanda ke fitar da ruwan tsatsa a ɗaya gefen. Hawowa ta fi sauka wuya, sau uku ina zama in huta, kuma ina ba duk mai zuwa shawara ya zo da takalmin roba da ruwan sha, ya kuma zo da rana tsaka cikin jama'a.

Lahadi da asuba na kamo hanya, shingayen na nan yadda na bar su, amma mai fita ba a cika tsananta masa ba. Na sauka a Zariya maimakon Kano, ƙarfe tara na dare, na wuce gidanmu na Tudun Wada. Mahaifina na zaune a zaure da rediyonsa. Bayan mun gaisa na ciro ƙunshin jaridar na miƙa masa. Ya buɗe, ya juya kwal ɗin a hasken fitila, ya kai shi hanci ya shinshina, ya murza gefensa da babban yatsa har ya yi baƙi. Ya ce haka rigar Malam ke wari in ya dawo daga aiki. Sannan ya ƙwala wa ƙanena kira ya ce ya je ɗakinsa, a ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe, ya ɗauko masa, a ciki takardar sallamar kakanmu daga reluwe take.